Lamba Ɗaya, Amma Ajiyar A Hannun Wa?

Sanin kowa ne, 'yan'uwa ɗalibai, tun shigowar wayar salula Nijeriya a 2001 muke yawo da layi biyu ko uku, domin layin da ya yi aiki a jami'a ba lalle ya kama a ƙauye ba. Irin wannan ɗawainiya kamfanin GrandCentral na Amurka ya nemi ya raba mutane da ita: lamba guda, in an kira ta wayoyin mutum duka su yi ƙara, saƙon muryar da aka bari kuwa ya taru a intanet. Google ya saye shi a 2007, ya raɗa masa suna Google Voice a 2009.

Dabarar ta burge mu, babu shakka. Damuwarmu ita ce ajiyar. Iyayenmu da ba su yi boko ba sun rungumi saƙon murya, suna zuba masa zancen aure, gado da bashi. Skype, da yawancinmu muka ɗauka mutu-ka-raba ne, Microsoft ya rufe shi a 2025.

Don haka muna kira ga hukumar NCC, wadda a 2013 ta ba mu damar sauya kamfani ba tare da rasa lamba ba, ta fayyace mana wa ke da iko da lambar mutum da saƙonninsa ranar da kamfani ya naɗe tabarmarsa.