Sabar Afala ba ta buƙatar zuwa daga Yamai a rufe

Duk ranar da ma'aikatar magajin garin Afala za ta sa takardun haihuwa da na aure a kwamfuta, ƙaramar saba ta ishe ta, kuma ni ina ganin a haɗa ta a Tawa ya fi a kawo ta a kwali daga Yamai. Aikin ba tsafi ba ne. A zaunar da firosesa a mazauninta ba tare da lanƙwasa ƙafafun ba, a ɗiga man sanyaya kamar ƙwayar wake, a danna RAM mai ECC har ta ce ƙas, sannan a sa faifan ajiya biyu masu kwafar juna, wato RAID 1, domin in ɗaya ya mutu sunayen 'ya'yan mutane na nan a ɗayan. Lokacin hunturu kuwa, sai mai haɗawa ya taɓa ƙarfen akwatin kafin ya taɓa babban allon sabar, don busasshiyar iskar Adar na tara lantarki a jiki. Abin da 'yan kwangila ke mantawa shi ne zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, da ƙurar da ke toshe fanka, da wutar da ba ta da tabbas. Mun dai ga abin da ya faru da Najeriya ta yanke wa Nijar lantarki a Agustan 2023. Don haka kuɗin batiri da faifan hasken rana su shiga lissafi tun farko. Ga matasa na fitowa daga Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, hukumomin Afala ku ba su aikin, wanda ya haɗa ta shi zai iya gyara ta.