Raddi ga masu cewa duk fari a hoton ƙirji cuta ne

Wata da'awa ta yaɗu a tsakanin masu ɗaga hoton ƙirji su duba ba tare da horo ba: wai huhu mai lafiya baƙi ƙirin yake fitowa, kuma dama da hagu sai sun yi daidai wa daida. Hujjojinsu huɗu ne, ga amsarsu bi da bi.

Na farko, sun ce fararen zare-zaren da ke cikin huhu majina ce ko tabon tari. Amsa: jijiyoyin jini ne. Hasken na'ura yana ratsa iska, shi ya sa take fitowa baƙa, jini da ƙashi kuwa suna tare shi. Jijiyoyin kan taso daga tushen huhu da kauri, su yi ta sirancewa zuwa gefe. Rashinsu gaba ɗaya a wani sashe shi ne abin tsoro, domin mai yiwuwa iska ce ta taru tsakanin huhu da bangon ƙirji.

Na biyu, sun ce tantanin da ya raba ƙirji da ciki ya fi tudu a dama, saboda haka akwai kumburi. Amsa: haka halitta take a yawancin mutane. Hanta tana ƙarƙashin na dama, zuciya tana bisa na hagu. Huhun dama ma sassa 3 gare shi, na hagu 2. Baƙin da ke ƙarƙashin tantanin hagu kuwa iskar tumbi ce.

Na uku, sun ce bututun iska ya karkata. Amsa: yakan ɗan jirkita dama inda babbar jijiyar da ta lanƙwaso daga zuciya ta gifta shi, sannan ya rabu biyu daidai ƙashin baya na 4 ko na 5 na ƙirji. Reshen dama ya fi faɗi da miƙewa, shi ya sa gyaɗar da yaro ya shaƙa ta fi faɗawa can.

Na huɗu, sun ce zuciya ta wuce rabin faɗin ƙirji, wato ta kumbura. Amsa: wannan ma'auni yana da sharaɗi. Sai an ɗauki hoton mutum yana tsaye, hasken ya shiga ta baya, mutumin kuma ya cika huhunsa da iska har ana ƙirga haƙarƙari 6 na gaba. Hoton da aka ɗauka ta gaba, mara lafiya yana kwance, yana ƙara wa zuciya girma.

Kuskuren nan yana da tsada. Da shi ake ɗora mai lafiya kan maganin tarin fuka na wata 6 ba a gwada kakinsa ba. Wanda bai san kamannin lafiyayyen huhu ba, ya bar wa likitan hoto karatun.