Maraɗi: bashin jinya na iya hana ɗan kasuwa rance

A Amurka, tun shekarar 2023 kamfanonin Equifax, Experian da TransUnion suka cire bashin asibiti da bai kai dalar Amurka 500 ba daga rahoton masu neman rance.

A Nijar lamarin daban yake. Ofishin tattara bayanan bashi na ƙasashen UEMOA, wanda bankin BCEAO ya ba izini, yana karɓar bayanai daga bankuna da asusun ba da ƙananan rance. A likita kuwa, galibi sai an biya ake duba mutum. Shi ya sa manomin Jiratawa ko ɗan kasuwar Tibiri da ya kawo majinyaci Maraɗi kan saida hatsi ko ya ci bashi. In a asusu ya ranta kuma ya kasa biya, sai a rubuta shi cikin masu taurin bashi, ba a ambaci ciwon da ya jawo ba. Ranar da ya nemi jari, wannan tabo ke jiransa.

Ragin kashi 50 cikin 100 na kuɗin jinya da gwamnati ta soma ranar 1 ga Satumba 2024 ya sassauta, amma bai goge tsohon bashi ba. Doka ta ba kowa damar neman rahotonsa, ya sa a gyara kuskure.