Cinikin Gida a Doka: Shaidu da Hannun Gwamna

Bayan haka, attajiri yakan sayi gida a Unguwar Shanu, ya biya lakadan gaban shaidu da mai unguwa, ya ɗauka magana ta ƙare. A shari'a ciniki ya ƙullu, amma wajen hukuma da sauran aiki. Tun 1910 Nasara suka sa ƙasar Arewa hannun Gwamna, dokar 1978 kuwa ta game Nijeriya duka. Saboda haka abin da mutum ke saya hakkin zama ne, galibi na shekara 99, kuma ba ya komawa hannun wani sai Gwamna ya yarda. A 1989 Kotun Ƙoli ta rushe jinginar da Savannah Bank ya karɓa don rashin wannan yarda. A Kaduna ofishin KADGIS ke riƙe da rajistar filaye, can ake duba sunan mai takarda tun ba a ƙirga kuɗi ba.

Gidan gado ya fi wuya. In magaji ɗaya ya sayar da rabonsa kafin a raba, Malikiyya sun bai wa sauran shuf'a: su mayar wa mai saye kuɗinsa, su karɓe, muddin ba su shekara suna gari sun yi shiru ba.