Wanda Ba Zai Iya da Kare Ba, Kada Ya Ɗaure Shi

A bayan gidanmu a nan Daura akwai wani kango, ginin bulo da aka kai linta aka tsaya. Mai shi yana aiki a Abuja, sai da Sallah ake ganinsa. Da ɓarayi suka fara ɗibar masa rodi da siminti, sai ya aiko da kare a bayan mota, irin manyan nan na Turawa masu tsayayyun kunnuwa. Aka ɗaure shi da sarƙa a gindin wata darbejiya, aka ce wa wani almajiri ya riƙa kai masa ƙanzo da safe.

Wata bakwai ina kallon karen nan ta kan katanga. Sarƙar ba ta kai taku huɗu ba, in kuwa ya yi ta kewaya itacen sai ta nannaɗe ta koma kamu biyu, ya kasa kwanciya, ya kasa kaiwa ga ruwa. A nan yake ci, a nan yake kashi, a nan yake kwana. Cikin bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, inuwa takan gusa da azahar ta bar shi a tsakar rana, harshe a waje, kwano a kife. Kare ba ya gumi irin namu, da haki yake sanyaya jikinsa, don haka rana ɗaya ba ruwa ba inuwa tana iya kashe shi. Wuyansa ya sale ƙuda na bi, kunnuwansa sun cika da kaska. Nakan zura masa ruwa a bokiti da igiya. Da abin ya ishe ni na kira mai gidan, na ce, "Alhaji, karen nan ko ya mutu ko ya yi wa wani ɓarna." Ya ce, "Haba Malam, kare ne fa."

Ɓarnar kuwa ta zo. Ranar da almajirin nan, wanda bai wuce shekara goma ba, ya matsa don ya gyara kwanon da ya kife, karen ya cafke shi a ƙwauri. Kafin mu iso jama'a sun taru, wasu na cewa a tsigo gashin karen a ƙona a barbaɗa a ciwon. Da kyar muka karɓe yaron muka wanke wurin da sabulu muka kai shi asibiti, maƙwabta suka yi karo-karo aka sayi allura. Samari suka kashe karen da sanduna yana ɗaure. Da aka gaya wa Alhaji, amsarsa ita ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

Wannan maganar ce ta fi ƙona mini rai. Wane irin tsautsayi? Dabbar da aka hana ta gudu, aka hana ta abokin zama, yara na jifanta kullum ba ta da wurin ɓuya, me ya rage mata in ban da haƙori? Da sarƙa aka ƙera wannan cizon, wata bakwai ana ƙerawa, kuma duk unguwa mun gani.

Abin takaici, mu ba jahilan kiwo ba ne. Je ka kasuwar dabbobi ta Mai'adua ka ga yadda ake tattalin sa da rago. Ragon layya ana yi masa rumfa, a yi masa wanka, a ba shi dusa da harawa da kanwa, in ya ƙi cin abinci mai gida ba ya barci. Dawakin da ake hawa da Sallar Gani kowanne da mai kula da shi. Mafarautan ƙauyukan Baure da Zango sun san karnukansu da suna, abin da suka samo tare ake ci. Sai a cikin birni, wurin masu kuɗin sayen kare mai tsada, aka mai da shi kamar kwaɗon ƙofa, a maƙala a yi tafiya.

In ka yi magana sai a fake da addini, a ce ai kare najasa ne. To, mu a nan Malikawa ne, kuma a mazhabar Imamu Malik kare mai rai ba najasa ba ne, kowa ya tambayi malaminsa. Gaskiya ne hadisi ya yi kashedin cewa mai ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ladansa na raguwa kullum. Wanda ya ji tsoron wannan, sai ya haƙura da kare gaba ɗaya, ba wanda zai zarge shi. Amma ka saye shi da kuɗinka, ka ɗaure shi da hannunka, sannan ka ce ƙyama ta hana ka ba shi ruwa? Mun karanta a Bukhari da Muslim labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. A nan muka karanta labarin mutumin da Allah Ya gafarta wa don ya shiga rijiya ya ɗebo wa kare ruwa a huffinsa. Mu da muke kai baƙi rijiyar Kusugu muna ba su labarin zamanin da maciji ya hana mutanen Daura ruwa sai ranar Juma'a, ai mu ya kamata mu fi kowa jin zafin hana mai rai ruwa.

Wanda tausayi bai motsa shi ba, to ya ji tsoron ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Cizon yakan warke, a manta, bayan wata biyu ko uku yaro ya fara firgita, miyau na dalala, ya ga ruwa ya razana. In an kai nan babu sauran magani, sai dai a ce iska ce a yi ta hayaƙi har rai ya yi halinsa. Karen da ke ɗaure a kango ma bai tsira daga kamuwa ba, domin in mahaukacin kare ya faɗo da dare ba shi da hanyar gudu, kuma da safe yaro ne zai kai masa abinci.

Alhali rigakafin ba sabon abu ba ne. Tun 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro allurar a Faransa ya tsira, kuma a nan Najeriya cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom ta Jihar Filato tana yin allurar karnuka. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari, cutar takan daina yaɗuwa. Allurar kare ɗaya ba ta kai kuɗin jinyar mutum ɗaya da aka ciza ba.

Don haka ina kai kukana ga Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, da hakimai da dagatai: a umarci masu unguwa su san duk gidan da ke da kare, kuma a hana ɗaure kare a kangon da ba kowa. Ƙananan hukumomin Daura, Mai'adua, Sandamu, Zango da Baure su fito da ma'aikatan dabbobi unguwa-unguwa, ko da sau ɗaya ne a shekara, ranar 28 ga Satumba da duniya ta keɓe wa wannan cuta. Limamai su faɗa a huɗuba. Malaman tsangaya su daina bari ana tura musu yara ciyar da karnukan mutane a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Kai kuma mai kare, yi masa wuri mai katanga da inuwa inda zai zaga, ruwa kada ya yanke, allura duk shekara, babba ya riƙa kula da shi. In ba za ka iya ba, ba wa mafarauci ko ka ɗauki mai gadi. Iyaye, in kare ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira gobe.