Tallan da ke bin yara cikin salula

Ƴan'uwa manoma, a kasuwar Tibiri in mai talla ya nemi ruɗin yaro, akwai babba kusa da zai tsawata. Cikin salula babu kowa. Yaro ya ari ta uwarsa don kallon wasa a TikTok ko YouTube, sai ga tallan alawa da lemun kwalba, da kiɗa da rawa. Kashegari ya ƙi fura, yana kukan dala ashirin, haƙora kuwa na ruɓewa.

A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta shawarci gwamnatoci su kafa dokar tilas kan irin wannan talla. Ni ma haka na gani: mai kaya ba ya hana kansa ciniki. Hukumomin Yamai, a duba mana.