Wasiƙa ga Likitocin Ido: A Ƙirga Kafin a Dasa



Ina rubuto muku ne a kan matasan da suka gaji da tabarau, masu zuwa wurinku suna tambayar wanne ya fi: a gyara musu ido da leza, ko a dasa musu lens a ciki. Roƙona shi ne kada ku amsa sai kun ƙirga musu ƙwayoyin endoteliyam.

Kun fi ni sanin wannan shimfiɗa ɗaya tak da ke bayan koniya, mai kwalfe ruwa dare da rana don gaban ido ya zauna garau. Baligi mai lafiya yana da ƙwayoyi 2,500 zuwa 3,000 a kowane murabba'in milimita, kuma duk shekara yana rasa kusan kashi 0.6 cikin ɗari. Wadda ta mutu ba ta da magajiya, maƙwabtanta ne ke faɗaɗa su rufe gurbin. In adadin ya sauko wajen 500, koniya ta kumbura, gani ya dushe, sai dashe.

LASIK, wato gyaran da ake yi da leza, bai cika taɓa waɗannan ƙwayoyi ba, domin aikinsa bai kai can ciki ba. Nasa haɗarin daban ne: bushewar ido, da raunana koniya idan aka kankare ta fiye da kima. Shi ya sa ake karkatar da mai siririyar koniya, ko wanda rashin ganin nesansa ya yi tsanani, zuwa ga ICL, wato lens ɗin da ake dasawa a ciki. To amma wannan shiga ido ake yi, kuma abin da aka dasa zai zauna shekara da shekaru. Kamfanin Alcon ya janye lens ɗinsa na Cachet a 2014 saboda yana cin waɗannan ƙwayoyi. EVO ICL, wanda hukumar FDA ta Amurka ta amince da shi a 2022, ya fi nisa da koniya kuma sakamakonsa na da kwantar da hankali, duk da haka hukumar ta gindaya sharaɗin zurfin gaban ido ya kai milimita 3, ƙwayoyin kuma su wadata daidai da shekarun mutum.

Abin da ya fi damuna shi ne bayan aiki. Mutanenmu kan je Indiya ko Masar ko Dubai a yi musu, su dawo suna murna, ba mai sake auna su. Ɗan shekara 25 da aka dasa wa lens yau, wata rana yanar ido za ta kai shi ɗakin tiyata, a ƙara asarar ƙwayoyi, a ƙasar da samun koniyar dashe yake da matuƙar wuya.

Don Allah ku rubuta wa kowane majiyyaci adadinsa da ranar awon, ya riƙe takardar a hannunsa. Ku sa shi ya dawo duk shekara. In asibitinku ba shi da na'urar awon, ku tura shi inda take. Ku kuma gargaɗe shi da babbar murya kan murza ido, musamman lokacin hunturu da ƙura ke sa ƙaiƙayi.

Wassalam.